Awa Shida a Kan Mitar Suruki

Laras: Halo?

Danang: Salamu alaikum, Mbak Laras.

Laras: Wa alaikumus salam. A'a, ƙanina ne yau ya tuna da yayarsa?

Danang: Ina wuni? Ya Semarang, ya shago?

Laras: Lafiya lau, sai zafi. Ya Wonosobo?

Danang: Ruwa tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. Ya yara? Ya maigidan?

Laras: Mas Teguh ga shi nan yana canja wa wani fanka. Ya Sekar?

Danang: Tana asibiti.

Laras: Subhanallahi! Me ya sami matar taka?

Danang: Aiki, Mbak. Yau ita ce a bakin aiki.

Laras: To ka riƙa ƙarasa magana. Surukinka fa?

Danang: Bapak ya fita tun bakwai, ya tafi gasar kukan tsuntsaye. Lahadi ce ai.

Laras: Me? Muryarka na shaƙewa.

Danang: Na ce gasar tsuntsaye! Da intanet ɗin gida nake kiranki, katina ya ƙare.

Laras: To. Ƙananan kwamfutocin nan biyu da na kawo maka ran Laraba, ka zaɓa? Gobe direba zai zo ya ɗauki ɗaya.

Danang: Baƙar nake so.

Laras: Na sani. Tun kana yaro abin da ya fi ƙarfinka kake so. Farar na ce ka ɗauka. Wat ɗari huɗu take sha, ba ta da hayaniya.

Danang: Sanyin jiki gare ta. Zanen gida ɗaya sai ta yi minti arba'in kafin ta fitar. Baƙar kuwa, da na matsa mata ta wuce gudun da kamfani ya ɗora mata, ashirin da biyar.

Laras: Ka matsa wa injin da akwatinsa bai fi tukunyar shinkafa ba. Zafinta nawa?

Danang: Digiri tamanin da huɗu. Na cire murfin gefe, na kafa mata fankar ɗaki.

Laras: In cire murfi za ka yi, me ya kai ka neman ƙarama?

Danang: Kin ga ɗakinmu ai. Gado, kabad, ni da Sekar. Ina zan sa babba?

Laras: Na gani. Na kuma ga mitar wutar gidan, ta wat ɗari tara ce. Baƙar nan in ka ƙure ta, ɗari bakwai take zuƙa ita kaɗai. Mita ba ta yanke muku wuta ba?

Danang: Eh to...

Laras: Sau nawa?

Danang: Uku. Ran Juma'a. Na ukun Bapak na wanka, injin ruwa ya tsaya, sabulu a ido.

Laras: Ya yi faɗa?

Danang: Ko kusa. Ya fito da tawul yana murmushi, ya ce, “Nak Danang, ɗana, ashe gidan namu ya yi wa injinka kaɗan.”

Laras: Ya kore ka ke nan.

Danang: Haka Sekar ta ce. Ta ce in wuta ta sake yankewa saboda ni, mu fara neman gidan haya da kanmu, kafin ya sake yin murmushi.

Laras: Ku nemi a ƙara wa mitar ƙarfi mana.

Danang: Mitarsa ce, da sunansa. Ni mijin 'yarsa in buɗe baki in ce a canja? Ai na gaskata masa maganar cewa gidan ya yi kaɗan.

Laras: To ka ɗauki farar, ka zauna lafiya. Maus? Duba layin ƙasa.

Danang: Na'am?

Laras: Ba da kai nake ba, mai saye ne. Ina jin ka.

Danang: Abin da na kira in gaya miki ke nan. Baƙar ta riƙe! Na sa mata gwajin awa shida tun da Bapak ya fita, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Saura minti bakwai.

Laras: A kan wannan mitar?

Danang: Na yi mata fili. Na zare firji, tukunyar shinkafa, injin ruwa, talabijin. Na auna, abin da ya rage bai kai wat ashirin ba.

Laras: Wato kullum za ka yi aiki sai ka kashe gidan mutane.

Danang: Sai sun fita zan riƙa yi. Har wata baƙar wayar wuta na samu bayan kabad ɗin falo, ita ma na zare.

Laras: Ta mece ce?

Danang: Oho. Ta bi ta taga ta fita waje. Fitilar waje ce ina ji.

Laras: Tagar da ke kallon baranda?

Danang: Ita.

Laras: Nang, wata nawa kake a gidan nan?

Danang: Takwas. Me ya faru?

Laras: Ni sau ɗaya na zo, ran Laraba, surukinka ya tsayar da ni rabin awa a barandar nan. Akwai akwatin katako mai gilashi, da ƙwan fitila biyu a ciki.

Danang: Na ɗauka na shanya abincin tsuntsu ne.

Laras: Ƙwai ne guda huɗu. Na zakaran tsuntsunsa da ya ci masa kofi bara. Uwar tana fasa su, shi ya sa ya kwashe ya sa a ɗumi. Ya ce min shekara biyu yana jira, Talata za su ƙyanƙyashe.

Danang: Innalillahi...

Laras: Awa shida. A sanyin garinku.

Danang: Ƙila... ƙwai ai yana jurewa, ko? Mbak, yana jurewa?

Laras: Ni kwamfuta nake sayarwa. Kashe baƙar nan, ka je ka mayar da wayar.

Danang: Saura minti huɗu.

Laras: Kashe ta, na ce.

Danang: In na kashe, gwajin ya tashi a banza. Ƙwan fitila biyu ne kawai, mita za ta ɗauka.

Laras: Kai da bakinka ka ce saura wat ashirin.

Danang: Tsaya. Wayyo, ƙarar babur ɗin Bapak ce. Yana buɗe ƙofar gida.

Laras: To kashe kwamfutar tukuna, sannan ka...

Danang: Babu lokaci, ga ni a bayan kabad, bari in soka kawai, ai ba za ta...

Laras: Nang? Halo? Danang? Shi ke nan, wutarsu ta ɗauke.

Mas Teguh, ka ce wa direba gobe ya tafi da babbar motar. Ba kwamfuta kaɗai zai ɗauko ba.