Ƙanƙarar Cikin Buhu

A ƙofar wani asibiti a Injamena, wadda muke kira Fort-Lamy kafin 1973, na ji wata mata tana magana da mai markaɗa mangwaro.

"Bawan Allah, 'yata Zenaba na kwance, gudawa kwana huɗu. Wannan kaɗai take sha. Yana da tsabta?"

"Baiwar Allah, sau biyu nake wanke mangwarona."

"Ƙanƙarar fa? Ruwan ina ne?"

"A buhu ake kawo min. Kowa sha yake."

"Har 'ya'yanka?"



"Su ba na sa musu. Uwarsu ta hana tun da muka binne babbansu."

Sai ya ajiye kofin, ya miƙa mata mangwaro guda.

"Ki fere mata da hannunki."