Robar Hanyar Mabera

Ina jiran mota a tasha, wani ma'aikaci da wani tsoho mai amalanke suna zaune kusa da ni.

"Baba, aikina na rawa," in ji ma'aikacin. "An sa ni ƙirga motocin hanyar Mabera, a ga ko ta isa kwalta. Na ce kaɗan ne. Robar da anka shimfiɗa bisa hanyar tana ƙirga tayoyi ta ce da yawa."

"Wa anka yarda da shi?"

"Roba. Wai barci nike."

"To, za a yi kwaltar?"

"Za a yi. Ni kuwa kora."

Tsohon ya juyo ya dube shi.

"Ɗana, kullum bayan magariba muke tura amalanke bisa robar nan, kai da komo, don a yi muna kwalta. Wallahi ba mu san da kai ba."