Ɗorawar Kan Iyaka

A tashar Kabo, muna jiran motar Gwarzo ta cika, wani dattijo ya taɓa kafaɗar mutumin da ke gefensa riƙe da littafin lissafi.

"Malam, don Allah mene ne koliniya?"

"A ina ka ji ta, Baba?"

"A bakin mai safiyo. Ya auna iyakar gonata da ta ƙanena, ya ce turken gabas da ɗorawar tsakiya da turken yamma koliniya ne. Na yi masa godiya. Har yanzu ban sani ba, ni na yi nasara ko ƙanen nawa."

"Kalmar lissafi ce. Ana faɗinta idan abu uku suka hau miƙaƙƙen layi ɗaya."

"Kamar sahun salla?"

"Yauwa. In ka ja igiya daga turke zuwa turke, ta tsakiyar ɗorawar za ta bi."

"Igiya ba ta ratsa bishiya, Malam."

"A takarda nake nufi."

"Ai bishiyar a gona take, ba a takarda ba. To wa ya fi koliniyar, ni ko shi?"

"Ba a fin wani a ciki, Baba."

"Oho! To ɗorawar ta wa ce?"

"Ba ta cikin gonarka, ba ta cikin tasa. Tana kan iyaka daidai."

Dattijon ya gyara hula.

"Saboda bishiyar nan ko sunan jikansa ban je ba. Malam, sake duba littafin naka. Ba yadda za a yi ta ɗan karkato wajena?"