Malamin Hisabi a Duniyar Wata

A bencin wani shagon buga takardu kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, wani dattijo ya leƙa takardun da ke hannun wata budurwa.

"Malama, koke za ki kai wa sabon gwamna?"

"A'a Baba, labari na ƙirƙira. Wani malamin hisabi na zamanin dā aka ɗauko, aka sa shi a kumbo zuwa wurin mazauna duniyar wata."

"Ikon Allah! Soja sun koma bariki, kowa ya samu bakin magana. Me zai yi musu can?"

"Injunansu sun san hanya, amma ba su san ranar ɗaukar azumi ba. Wanda ke tsaye kan wata ai ba ya ganin jinjirinsa. Shi zai lissafa musu."

"Lissafi! Tun ina saurayi nake hawa badala duban wata. Ido ake bi, ba alƙalami ba."

"Bara ma ka gani?"

"Bara dai kowa ya gani, ni ina ta nema. Malamin naki yana da kirki?"

"Sosai."

"To ki rubuta ya riƙa kunna fitila a gefen watan, saboda irinmu."