Ranar da aka kwance mini rawani a tashar Arlit

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku duka.

Fasto ya daɗe yana ce mini in tashi in ba da shaida, ni kuwa kullum sai in ce masa sai wani Lahadin. Yau dai ƙafafuna sun kawo ni. In kun ga ina kallon ƙasa ku yi mini haƙuri, har yanzu maganar tana yi mini nauyi a baki.

Saboda baƙin da ke cikinmu, sunana Bulus, mutumin ƙasar Maradi, baduku ɗan baduku. Na zo Arlit ina saurayi, da basilla da wuƙa da ƴan fatu a buhu. Allah ya buɗa mini. Na samu rumfa a kasuwa. Ma'aikatan sosete, wato kamfanin haƙar ma'adinai, in za su tafi hutu gida, wurina suke sayen takalman tsaraba. Buzaye in sun shigo daga daji sai sun biyo ta rumfata. Kowa Maigida Bulus, Maigida Bulus. A nan majami'a kuma a kujerar gaba nake zama tare da dattawa. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin wannan gaisuwa ƙwarai.

Sai abubuwa suka fara zuwa a jere. Fari ya kashe dabbobi, fatar da ake samu duk ta rame, kana ja tana yagewa. Tawaye ya tashi, aka binne nakiyoyi a hanya, mota ba ta tafiya sai da rakiyar soja. Buzaye suka daina shigowa gari. Aka sallami mutane da yawa daga aiki. Duk da haka ina lallaɓawa.

Abin da ya ƙarasa ni a cikin kwali ya zo.

Wani Bakatsine, Alhaji Sani, ya buɗe shago daura da rumfata, ya cika shi da takalman roba na ƙasar Sin, waɗanda muke ce wa ƴan Shinuwa. Na ɗauki ɗaya na duba. Ƴan'uwa, irin namu ne sak! Ja da kore, har ɗinkin an zana shi a jikin robar kamar da hannu aka yi. Na yi dariya, na ce ranar Arlit za ta narkar da su. Kuma gaskiya ne, ba sa daɗewa suke tsinkewa.

Amma wata rana wani tsohon abokin cinikina ya fito daga shagon da leda a hannu, muka haɗa ido. Ya matso ya ce, "Maigida, kada ka ga laifina. Naka ya fi, kowa ya sani. Amma awakina sun mutu, kuma kuɗin naka guda shi ya saya wa yarana duka."

Da ni ne shi, abin da zan yi ke nan.

Ba ni kaɗai ba ne. Masu ƙera tukwane suka zauna, teloli suka zauna, don riga ɗinkakkiya ta fi yadi araha. Mutanen da ba mu taɓa gani ba, a ƙasar da ba mu san hanyarta ba, injinsu yana fitar da abin da ni sai in kwana biyu a duƙe ban gama ba. Da wa zan yi faɗa? Sai in wuni a rumfa ina korar ƙuda. Daga baya na ɗaure kayan aikina na kai gida.

Wata safiya na ga irin takalman nan a bayan randa a gidana. Matata Rahila ce ta saya wa yara don zuwa lakwal, wato makaranta, ta ɓoye kada in gani. Ƴaƴan baduku! Na koma ɗaki na zauna.

Amma gida sai da hatsi. Aikin da ya rage a gari shi ne dako a tasha, sauke kaya in kamiyo, manyan motocin kaya, sun iso da rakiya. Kuma yawancin kwalayen da ake saukewa na Alhaji Sani ne.

Ku ji abin da na yi. Na sayi baƙin rawani, na koyi naɗi irin na Buzaye, ido kaɗai a waje. In na fita gida sai in ratsa wani lungu in naɗa. A tasha ba na magana, kada harshena ya tona ni, har ƴan dako suka sa mini suna Bebe. Rahila kuwa na ce mata na samu aikin gadi a Akokan, garin da ke gefenmu. Ranar Lahadi in sa farar rigata in zo in zauna a gaba, ana gaishe ni ina amsawa. Wayyo ni!

Na haura hamsin a lokacin. Bayana ya fara ciwo, har miƙewa da safe sai da dafa bango. Wani ɗan dako ya ga ina ɗingishi, ya miƙo mini ƙwaya, ya ce in sha in ga aiki. Tramol ce. Na sha, na ji kamar an mayar mini da ƙuruciyata. Kwali biyu nake ɗauka a kai.

Daga ɗaya ta zama biyu, daga nan na daina lura. In ban sha ba jikina rawa yake, zufa tana keto mini. Na zama mai faɗa a gida, yara in sun ji tafiyata sai su yi tsit. Addu'a ta gagare ni. In na durƙusa sai in ji kamar ana kallona ana dariya. Sannu a hankali na daina zuwa sujada, na ce aiki ne ya hana ni.

Sai ranar ta zo. Lokacin bazara ne, rana tsaka, ayarin motoci ya iso daga Agadez bayan an daɗe ana jira. Tasha ta cika maƙil da masu tarbar ƴan'uwansu. Ban ci komai ba tun safe, kuma na sha fiye da yadda na saba. Na ɗora kwali a kai, na yi ƴan taku, sai na ga ƙasa tana juyawa.

Abin da ya biyo baya gaya mini aka yi. An ce na faɗi ina shure-shure, kumfa tana fita ta cikin rawanin, kwalin ya fashe, takalma suka watse ko'ina. An ce na yi fitsari a wando.

Da na farfaɗo, abin da na fara ji shi ne iska a fuskata. An kwance rawanin don a zuba mini ruwa. Mutane sun kewaye ni. Sai na ji wani ya ce da ƙarfi, "Kai! Ashe Maigida Bulus ne, baduku!"

A cikin masu kallo akwai mata biyu na zumuntar matanmu. Suna nan zaune yau, ba zan kira sunansu ba.

Na rufe idona. Na roƙi Allah, in yana ƙaunata, ya ɗauki raina a wurin.

Wanda ya tsuguna kusa da ni Alhaji Sani ne, mutumin da na daɗe ba na amsa sallamarsa. Ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe ni da ita, ya daka wa mutane tsawa su watse, ya sa ni a motarsa. A hanya ya ce, "Malam Bulus, tun ranar farko na gane ka. Yatsunka duk tabon basilla ne. Na yi shiru ne don na ga haka kake so."

Wannan magana ta fi faɗuwar zafi. Ashe duk ɓoyon da nake yi, mutumin nan yana kallona yana tausayina!

Rahila ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗebo ruwa ta wanke ni kamar jariri, tana hawaye. Ta tarar da sauran ƙwayoyin a aljihuna, ta zuba su a masai.

Daga nan na shiga ɗaki na ƙi fita. Rashin ƙwayar ya taso mini, amai, gudawa, kamar tururuwa tana yawo a cikin ƙasusuwana. Amma kunyar ta fi ciwon. Duk wanda ya yi sallama sai in juya fuskata bango. Na ƙulla a raina in na samu ƙarfi zan bi motocin arewa in ɓace, ko sahara ta cinye ni, ba ruwana. Rahila ta gane. Ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa, can take kwana.

Fasto ya zo sau da yawa ina ƙin ganinsa. Wata safiya bai nemi izini ba, ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da ni. Ɗakin yana wari, bai nuna ya ji ba.

Ya ce, "Bulus, ban zo wa'azi ba. Kai za ka yi addu'a da bakinka, ni nawa amin ne."

Na ce, "Fasto, da wane ido zan dubi Ubangiji? Garin nan duka ya gan ni kwance cikin fitsari."

Ya ce, "Wanda aka tuɓe wa tufafi aka rataye a gaban jama'a, mahaifiyarsa tana kallo, shi za ka koya wa kunya?"

Ƴan'uwa, ban san lokacin da na sauko ƙasa ba. Na kifa goshina, na ce, "Ubangiji Yesu, ga ni. Sana'ata ta tafi, mutuncina ya tafi, ba ni da abin da zan nuna maka. In kana karɓar irina, ka karɓe ni." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina. Rahila ta shigo ta durƙusa, ta riƙe ƙafata, Fasto yana ta cewa amin, amin.

Ya karɓe ni! Haleluya!

Ba zan ce muku na tashi garau a ranar ba. Fasto ya kai ni wurin likita, aka duba ni, aka taimake ni, na sha wuya makonni. Akwai ranar da na je har gaban teburin mai sayar da ƙwayar, na tsaya. Na ce, "Yesu, ka riƙe ni," na juya. Tun daga ranar har yau ban sake sa ta a bakina ba.

Lahadin da na dawo, a can baya na raɓe kusa da ƙofa. Ɗaya daga cikin matan nan biyu ta waiwayo ta gan ni. Sai ta miƙo mini littafin waƙa, ta nuna mini shafin da ake, ta juya. Mama, Allah ya sāka miki.

Bayan wani lokaci Alhaji Sani ya yi sallama a gidana tare da wani saurayi mai sanda. Direbansa ne, Ila, wanda motarsa ta taka nakiya a hanyar Agadez. An ceto ƙafarsa, amma ta karkace, babu yatsu, kuma ta fi ɗayar gajarta.

Alhaji ya ce, "Malam Bulus, shagona cike yake da takalma, babu ɗaya da ya shige shi. Da tsumma yake naɗe ta. Ko za ka duba?"

Na kwance kayan aikina. Na auna ƙafar, na yi na farko, ya ci masa diddige. Na sake, na ƙara tudu a ƙasa, na sa laushi a ciki. Ranar da ya sa na biyun, ya taka daga zaure zuwa bakin titi ba sanda, ya juyo yana dariya yana kuka.

Shi ya kai labari. Yanzu masu zuwa wurina su ne waɗanda shan inna ya taɓa, da waɗanda kuturta ta ci wa yatsu, da tsofaffi masu kumburin ƙafa. Ba su da yawa, kuma yawancinsu talakawa ne. Kasuwata ta dā ba ta dawo ba, ba na jin za ta dawo. Kamiyo suna nan suna sauke kwalaye. Babban ɗana ya ce ba zai koyi dukanci ba, ban kuma hana shi neman wata hanya ba. Amma muna ci, muna kwana lafiya, yarana sun daina tsorona.

Makon jiya Ila ya zo yana ƙorafi wai ƙasan takalmin ya cinye, in sake masa. Na juya shi na duba. Ya cinye kam, don tafiya yake yi da shi!

Na gode wa Ubangiji Yesu da bai amsa roƙon da na yi a tasha ba. Na gode wa Rahila a gabanku duka. Ku sa teloli da maƙera na garin nan a addu'a, da samarin da ke dako, da yawansu suna shan abin da na sha. In kuma akwai wani a nan da ya sa rigar Lahadi amma cikinsa yana ƙuna, ɗan'uwana, kada ka jira sai ka faɗi a gaban jama'a. Ka gaya wa Yesu yau, ka dogara gare shi. Ni ya ɗauke ni daga ƙasa, ba zai bar ka ba.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.