Madanni Ɗaya Ya Ishi Baba

A tashar Kazaure, ana jiran motar Roni ta cika, Sharfuddeen ya buɗe laftof ɗinsa a cinya. Dattijon da ke gefensa ya leƙo.

"Har yanzu kuna fama da murfi? Tawa a ofis kullum a rufe take."

"To Baba, ta ina kake kunna ta?"

"'Yata Zaituna ce ta jona ta da wani ɗan akwati da babban allo. Madannin akwatin nake taɓawa, sai ta tashi. Shekara biyu rabona da ɗaga murfin."

"Ai ɗagawar ba wuya, Baba. Ka danne da hannu ɗaya, ka ɗaga da ɗayan."

"Shi ya sa manyan ofis suka ce in ajiye aiki. Na ce su dawo Litinin su gani. Har yau ni ke buga wasiƙun sashenmu, ba a taɓa dawo mini da gyara ba."

Da mota ta cika, dattijon ya miƙe, ya ɗauki shanyayyen hannunsa na hagu da na dama, ya cusa a aljihu. Sharfuddeen ya yi wuf zai ɗaukar masa jaka.

"Bar ta, ɗana. Ni na ɗauko ta daga gida."