Laimar Abdulghani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Liman Malam Othman, Allah ya gafarta malam. Umda, wato mai unguwarmu, Shaikh Hamad, Allah ya ƙara girma. Dattawan unguwarmu Ammariyya, da waɗanda suka taso daga unguwannin Waziriyya da Sharafiyya cikin wannan zafi. Kyaftin Husaini, matuƙin jirgin da marigayi ke shiga, da abokan aikinsa da suka cika kujerun baya. Sai iyayenmu mata da ke bayan labule, musamman mahaifiyar marigayi, Hajiya Mastura, da ƙanwarsa Luba. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne Usuman baduku, mai ɗan shagon nan na bakin lungu. Ban taɓa shiga jirgin sama ba. A jirgin ruwa aka kawo ni ƙasar nan ta Larabawa daga tashar Sawakin ina goye, kuma tun daga nan ƙafata ba ta rabu da ƙasa ba. Amma ni aka zaɓa in yi magana a kan mutumin da sararin sama ne wurin aikinsa, saboda ni aminin mahaifinsa ne, Na'ibi, Allah ya jiƙansa, kuma a gabana Abdulghani ya girma.

Mun taru sadakar arba'in ɗinsa. Kowa ya san ba daga sama ya faɗo ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi bayan aikin hajjin bana, ya cika a kan shimfiɗarsa, a ɗakin mahaifiyarsa. Sai dai akwai maganar da ake ta yi ƙasa-ƙasa a unguwa, ni kuwa zan faɗe ta a fili, domin na nemi izinin mai ita, ta ce in faɗi abin da zan faɗa. Har yau Hajiya Mastura ba ta furta cewa ta yafe wa ɗanta ba. Wannan abu ya hana ni sukuni, kuma na san ya dami duk mai ƙaunarsa.

Ga yadda abin ya faru, saboda baƙinmu. Abdulghani ya koyi ɗaukar hoto a wani shago a Sharafiyya. Lokacin hajji sai ya ɗauki kyamara da wata ƙatuwar laima ya tafi bakin tashar jiragen ruwa, alhaji ya tsaya a inuwarta a ɗauke shi, ya aika gida. Daga baya mutanen Kyaftin Husaini, masu dirowa daga jirgi a wani fili da ke arewa da gari, suka nemi mai hoton da zai diro tare da su. Ya koya, ya ƙware. To abin da suke saukowa da shi, mu laima muke ce masa. Larabawa ma mazalla suke cewa, sunan ɗaya da ta shiga rana. Don haka in an tambayi Hajiya sana'ar ɗanta, sai ta ce mai hoto ne, aikin laima yake yi, kowa ya ce Allah ya yi albarka. Ranar ta'aziyya abokan aikinsa suka kawo mata babban hoto, da niyyar sanyaya mata rai. Ta duba ta ga ɗanta ɗaya tilo namiji a rataye tsakanin sama da ƙasa. Ta ture hoton ta ce, "Ashe shekara da shekaru ƙarya yake yi mini."

Hajiya, ki ba ni dama in gaya miki wane ne ɗanki a can inda idonki bai kai ba.

Ya kasance mai tsoro, kuma ba ya jin kunyar a san haka. Aikinsa ya fi na sauran haɗari. Su hannu biyu da ido biyu suke dirowa da su, shi kuwa kyamara ce ɗaure a kan hular kwanonsa, ido ɗaya na leƙe ta wani ɗan zobe, yana bin su suna faɗowa kafin kowa ya buɗe laima. Yakan ce mini, ya ammi, wato baffa, idon da ke cikin kyamara mantawa yake yi akwai ƙasa. Shi ya sa ya ɗaura agogon da ke nuna nisan ƙasa inda ba zai iya kauce masa ba, kuma in lokacin buɗewa ya yi, ko hoton duniya ne a gabansa, halas, shi ke nan, ya bar shi.

Ya kasance mai zaɓen laima kamar yadda tsohuwa ke zaɓen tukunya, sai ya ƙwanƙwasa ya saurara. Da aka kawo sababbin nan masu kusurwa huɗu, ƙanana masu gudu, kowa ya yi rububinsu. Shi ya tsaya kan babba, mai buɗewa a hankali, mai sauke mutum kamar an ajiye shi. Suka riƙa yi masa tsiya suna ce mata tantin Mina. Ya yi dariya ya ce su ɗora nauyin da ke kansa a nasu kan, sa'an nan laima ta fizge su da ƙarfi, su ga ko wuya zai kai labari. Kyaftin, ga ka nan zaune, in na ƙara gishiri ka gyara mini.

Ya kasance ba ya raina ƙaramin abu. Wata rana ya kawo mini hular nan ya ce in lulluɓe duk wani noti da ƙugiya da fata mai santsi, kada igiyar laima ta sami abin kamawa, in kuma yi masa maɗaurin haɓa da za a kwance da ja ɗaya. Na ɗinka ya ce a warware, na sake ya ce bai yi ba. Har na ce masa, kai ɗan Na'ibi, takalmin amarya ma ba a yi mini wannan fitina a kansa ba. Ya rufe ido yana ta gwada ja da hannun hagu. Bayan wani lokaci sai ga shi a shago kai ba hula. Ashe igiya ta naɗe kyamarar duk da haka, babbar laima ta ƙi buɗewa sosai. Ya ja maɗaurin, hula da sabuwar kyamara suka tafi cikin sahara, ya saki babbar, ya buɗe ta ko-ta-kwana. Na ce kaico, wannan kyamara. Ya ce, "Ya ammi, kyamara ba ta da uwa."

Ya kasance mai amfani ga jama'a. Hotunan da yake ɗauka su ake nuna wa masu koyo, kowa ya ga kuskurensa da idonsa kafin kuskuren ya kashe shi. Duk wanda ya zo da sha'awar ɗaura kyamara a ka, sai ya hana shi har ya ƙware a dirowa hannu sake, kuma ba ya shiga jirgi da mai kayan da igiya za ta iya kamawa, ko da za a fasa tashi. A nan unguwa kuwa, tsofaffinmu da ba sa iya fita, har ɗaki yake bin su ya ɗauki hoton iƙama, takardar izinin zama a ƙasa, yana gyara musu hula yana ba su dariya. Mu mutanen Ammariyya mun yi rashi, kuma muna jin zafinsa.

Yanzu maganar ƙarya. Hajiya, ni shaida ne ya gwada gaya miki. Ina zaune a zaurenku ina shan shayi ya ce, ya Ummi, laimar nan fa daga sama ake saukowa da ita. Kika ce masa ai duk arziki daga sama yake saukowa, yalla, maza ya ci abinci kada ya huce. Ya dube ni, na dube shi. Lokacin ba a daɗe da rasuwar Na'ibi ba, likita ya ce a kiyaye zuciyarki. Ban ce ya kyauta da ya yi shiru daga nan ba. Kina da gaskiyar jin ciwo, uwa ba abin ɓoye wa magana ba ce. Amma ƙarya dai bai yi ba.

Kuma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kullum da safe in zai fita, yakan durƙusa a ƙofar ɗakinki, ke kuma ki yi masa addu'ar da kowace uwa ke yi wa mai fita nema, ki ce Allah ya buɗa. Ke kasuwa kike nufi. Shi kuwa da wannan kalma yake hawa jirgi. Ya ce mini duk igiyoyin nan da ɗinkin nan sababi ne kawai, abin da ke buɗe laimarsa a bakin Ummi yake. Don haka nake roƙonki, don Allah, don zumuncin da ke tsakanina da mijinki...

Ku yi mini haƙuri, jama'a, ga Luba ta leƙo daga labule. Na'am, 'yata, faɗi, ina ji.

Hajiya ce ke tambaya. Ta ce akwai safiyoyin da ta tashi da fushinsa ba ta ce masa komai ba, ranakun nan fa?

Hajiya, ranakun nan a shagona yake wuni. In Kyaftin ya aiko mota, sai Abdulghani ya ce a ce yau ba shi da lafiya. Ya zauna yana murza mini zare har la'asar. Ke da kanki kin taɓa wucewa kika same shi, kika ce dubi ƙato zaune tsakar rana, abokansa na can suna nema. Bai taɓa dirowa ba tare da kalmarki ba, ko sau ɗaya.

Mu ɗan saurara mata.

Alhamdu lillahi. Waɗanda ke baya ba su ji ba, bari in maimaita yadda ta faɗa. Ta ce, "Halas, na yafe wa Abdulghani duniya da lahira. A dawo mini da hoton ɗana."

Kyaftin, ka ji, hoton yana wurinka. Ni kuma maganata ta ƙare. Mun gode wa Liman da Umda, mun gode wa duk wanda ya tako, da matan da suka tsaya a kan tukwane tun safe. Allah ya ba kowa lada, ya mai da ku gidajenku lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Abdulghani ɗan Na'ibi, mahaifiyarsa ta yafe masa a gaban shaidu, kai kuwa ka fi ta jinƙai. Ka gafarta masa, ka haskaka makwancinsa, ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna. Ka ba Hajiya Mastura da Luba haƙuri. Ka tsare abokansa duk ranar da suka hau. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Malam, bismillah, a yi mana Fatiha.